Sallama a bakin zaure: yadda ake gina zuciyar ɗan tayi

Ranar da aka dawo da jikar gwaggona daga Yamai, gidan ya cika kamar ranar suna. Tafiyar sama da kilomita 500 suka yi daga Tahoua don a ɗauki hoton eko na zuciyar jaririyar, saboda ungozoma ta ji wani sauti mai kama da huci lokacin da ta ɗora abin saurare a ƙirjinta. Likita ya ce akwai ɗan huji a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Da mutane suka ragu, Gwaggo ta ja ni gefe, tunda ni ne wanda ya ɗan taɓa karatun ilimin halittu a dangi. Ta ce: "Ɗana, gaya mini gaskiya. Mi uwar ta ci? Ko wani abu ta tsallaka da tsohon ciki?"

Tsohon ciki ba shi da hannu a nan, kuma lissafin kwanaki kaɗai ya isa ya nuna haka. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, wato kamar mako guda bayan mace ta lura da ɓatan wata, in ma ta lura. A lokacin zuciyar ƴar bututu ce miƙaƙƙiya, tayin kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kafin mako na takwas ya cika, bututun ya lanƙwashe, ya rabu ɗaki huɗu, an kafa bangaye, an fara ƙera ƙyamaren da ke hana jini komawa baya. A garuruwanmu kuwa mai cikin fari tana ɓoye shi don kunya, ba kasafai take zuwa awo ba sai ya fara fitowa. Kafin nan maginan sun daɗe da tashi daga aiki.

To su wane ne maginan, kuma wa ke ba su umarni? Babu shugaban aiki. Babu wata ƙwaya guda da ke riƙe da taswirar zuciya tana nuna wa saura. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya da na maƙwabciyarta. Abin da ke sa wannan ta zama tsokar zuciya, waccan ta zama shimfiɗar cikin jijiya, shi ne saƙonnin da kowacce ta ji, da lokacin da ta ji su, da ƙarfinsu.

Ƙwayar halitta gida ce mai katanga, katangar kuwa siririyar fata ce ta maiƙo, wadda yawancin saƙonni ba su iya ratsawa. Mu da muka tashi a gidan Bahaushe mun san tsarin. Baƙo namiji ba ya kutsawa cikin gida, a bakin zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaron da ke zaune a zauren ya kai maganar ciki. Wannan yaron shi ne makarɓin saƙo: furotin ne da ya ratsa fatar ƙwayar, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Idan sinadarin da ya dace ya zo ya maƙale a kan, sai sifar furotin ɗin ta sauya, wutsiyar ta tayar da jerin ƴan aike har zuwa tsakiyar ƙwaya, inda za a kunna wasu ƙwayoyin gado a kashe wasu. Kowane makarɓi da irin sallamar da yake amsawa. Ƙwayar da ba ta da shi, ko a bakin ƙofarta aka wuni ana sallama, ba ta san ana yi ba.

Suna da yawa. Dangi guda kawai, wanda Robert Lefkowitz da Brian Kobilka suka sami kyautar Nobel ta 2012 a kan bincikensa, yana da makarɓa kusan 800 a jikin ɗan Adam, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sayarwa a farmasi ta wannan dangin suke aiki. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bari mu fara da jijiyoyin jini, don a nan labarin ya fi fitowa fili. Mai lambun albasa a Galmi shi ke tsara magudanan ruwa tun kafin ya dasa: ya ja babbar hanya, ya fitar da ƙanana zuwa kowane fangali, sannan ya saki ruwa. A jiki fangalin da ya bushe ne ke kiran magudana. Duk tsokar da iskar oksijin ta yi wa ƙaranci sai ta fara fitar da wani furotin mai suna VEGF, ya bazu a kewayenta, da kauri a kusa, yana sirancewa a nesa. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiya mafi kusa suna da makarɓinsa, wanda ake kira VEGFR2. Da sun ji sallamar sai su fasa bangon jijiyar, su tsiro, su nufi inda kiran ya fi ƙarfi. Idan jini ya iso, oksijin ya wadata, kiran ya lafa. Napoleone Ferrara ne ya tace VEGF ya ba shi wannan suna a 1989 a Amurka. Su kuma William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza, waɗanda suka gano yadda ƙwaya ke sanin oksijin ya ragu, sun karɓi Nobel a 2019.

A 1995, a birnin Toronto na Kanada, masu bincike suka cire wa ɓeraye ƙwayar gadon VEGFR2. Tayin ɓeran ya mutu wajen kwana tara a ciki, babu jijiya, jinin ma kusan babu. Wannan bai ba kowa mamaki sosai ba. Abin da ya girgiza masana ya zo ne a 1996, lokacin da ƙungiyoyi biyu, ta Ferrara da ta Peter Carmeliet na Beljiyam, suka cire kwafi ɗaya tak na ƙwayar gadon VEGF. Kowa yana gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma a mafi yawan lokuta idan ɗaya ya lalace ɗayan yana rufa asiri. A nan bai rufa ba. Rabin saƙo ya kashe tayin. Ke nan ƙwayoyin ba sallama kawai suke ji ba, har awon ƙarfin muryar suke yi, kuma iyakar da ke tsakanin abin da ya isa da wanda bai isa ba siririya ce ƙwarai.

Yawa ma illa ne, shi ya sa jiki ya tanadi wani makarɓi na daban, VEGFR1, wanda ya fi ɗan'uwansa saurin cafke VEGF amma ba ya kai maganar ciki da ƙarfi. Yaro ne da ke amsa sallama ya yi zamansa. Mai ganin wannan zai ce aikin banza ne, amma da aka cire shi a ɓeraye, ƙwayoyin jijiya sun yi ta hayayyafa suka cunkushe babu tsari, tayin ya mutu shi ma. Aikinsa rage hayaniya.

Wannan makarɓi na biyu ya kamata kowace ungozoma ta san da shi, domin shi ke bayan wani bala'i da muka sani da ido. Akwai wani nau'insa da ba ya zama a fatar ƙwaya, yana yawo ne a cikin jini. A 2003 wata ƙungiya a Boston ƙarƙashin Ananth Karumanchi ta nuna cewa a jikin matan da hawan jinin masu ciki ya kama, mabiyiya tana kwararo wannan furotin fiye da kima cikin jinin uwa, ya tsotse VEGF ɗin da jijiyoyinta da ƙodarta ke bukata don su zauna lafiya. Sakamakon shi ne abin da ake gani a ɗakunan haihuwa daga Tahoua har Maternite Issaka Gazobi ta Yamai: tansiyo ya hau, furotin ya fito a fitsari, fuska da hannuwa su kumbura, kai ya yi ta sara, in ba a tare ba a kai ga jijjiga. Allurar magneziyom tana kare jijjigar, maganin tansiyo yana sassautawa, amma ciwon ba ya yankewa sai an haihu mabiyiya ta fita, tunda ita ce maɓuɓɓugar. Hujja ta ƙara ƙarfi daga wani gefe da ba a zata ba. Avastin, maganin ciwon daji da aka amince da shi a 2004 don ya toshe VEGF ya hana ƙari samun jini, daga cikin illolinsa akwai hawan jini da fitar furotin a fitsari, har ga maza.

Yanzu ga wata matsala. Idan duk ƙwayoyin bangon jijiya suna jin kiran VEGF, me ya hana su tashi gaba ɗaya su ruga? Da haka ta faru, da ba a sami bututu ba sai dunƙule. Amsar tana hannun wani makarɓi mai suna Notch, wanda aka fara gano shi fiye da shekara ɗari da suka wuce a jikin ƙudan ƴaƴan itace masu ɗan giɓi a gefen fiffike. Shi saƙonsa ba ya yawo, sai ƙwaya ta taɓa ƙwaya. Wadda ta fi jin VEGF sai ta yi gaba, ta miƙa ƴan siraran yatsu tana lalube, ta kuma fito da wani furotin, Dll4, a kan fatarta. Shi ke taɓa Notch na maƙwabta, abin da yake gaya musu kuwa shi ne su rage jin kiran. Sai su rage VEGFR2, su ƙara VEGFR1, su koma baya suna hayayyafa suna gina bututu. Ayari ne sosai: madugu ɗaya a gaba yana karanta hanya, saura suna biye da kaya. Sai dai madugun nan ba na dindindin ba ne, an ɗauki hotunan da suka nuna ƙwayoyin suna ƙwace gaba daga juna a kan tafiya.

Abin da ya fi burge ni a duk wannan fanni shi ne gwajin 2006, da aka toshe Dll4 a jikin ɓeraye masu ƙarin daji. Jijiyoyi suka ƙaru, suka yi rassa birjik. Hankali zai ce ƙarin ya samu abin da yake so. Sai ga shi girmansa ya ja baya, domin jijiyoyin duk madugai ne, babu mai gina bututun kirki, jini ba ya gudana a cikinsu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle ɗari.

Sauran matakan zan bi su da sauri. Kafin jini ya fara gudu sosai, jijiyoyin da za su riƙa kai jini da masu mayar da shi sun riga sun sha bamban: a 1998 aka nuna cewa na farkon suna ɗauke da ephrin-B2, na biyun suna ɗauke da makarɓinsa EphB4, kuma haɗuwar biyun ke shata iyaka. Wasu makarɓa, Tie2 da na PDGF, su ke jawo ƙwayoyin da ke naɗe sabuwar jijiya kamar yaɓe don kada ta yi yoyo. Inda makarɓa masu suna ALK1 ko endogilin suka samu tangarɗa, ana samun ciwon gado mai sa yawan haɓo daga kaka har jika. Ko gugar da jini ke yi wa bango tana da mai jin ta, wata kafa mai suna Piezo1 wadda ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano a 2010. Jijiyar da jini ke bi tana ƙarfi, wadda ya ƙaurace wa tana shanyewa, kamar turbar da aka daina bi.

Ita zuciya fa? Dole bututun farko ya lanƙwasa zuwa dama, kuma abin da ke gaya masa dama da hagu saƙo ne mai suna Nodal, wanda ake kunnawa a gefen hagu na tayi kaɗai. Idan lamarin ya juye, ana iya haihuwar mutum zuciyarsa a dama, hanta a hagu, kamar hoton madubi. Wajen mutum ɗaya cikin dubu goma haka yake, wasunsu har su tsufa ba su sani ba.

Bangaye da ƙyamare kuwa daga wani abin al'ajabi suke fitowa. A wurare biyu cikin bututun akwai kumburi mai kama da kitse mai laushi. Tsokar zuciya tana aiko saƙonnin BMP da TGF-beta, Notch yana amsawa daga ciki, sai wasu ƙwayoyin shimfiɗa su saki maƙwabtansu, su sauya kama, su nutse cikin kumburin su cika shi. Daga nan ake sassaƙa ƙyamare da wani sashe na bangon tsakiya. Bangon ƙasa da kansa daga wurare dabam-dabam yake tasowa, sai gefunan sun haɗu daidai a kan lokaci kafin ya rufe. In ɗaya ya ɗan makara, ga huji irin na jikar Gwaggo. A 2005 an gano iyalan da kwafi ɗaya na NOTCH1 ya lalace musu, ana haihuwarsu da ƙyauren babbar jijiya mai ganye biyu maimakon uku. Lalacewar Jagged1, wani mai yi wa Notch sallama, ita ke kawo ciwon da ke ɗauke da sunan likitan yara na Faransa Daniel Alagille, mai taɓa hanta da zuciya tare. Ana kuma samun ta a wasu yara masu ciwon zuciyar da likita Fallot ya bayyana a birnin Marsey na Faransa a 1888. A littafi "shuɗin jariri" ake cewa, amma a baƙar fata sai an duba leɓe da harshe da farce. Wata alamar da uwa kan lura da ita ita ce yaron yana cikin wasa sai ya tsuguna yana haki.

A duniya kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da wata tawaya a zuciya. Ƙasa irin Nijar, da ke sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa, ko ba a ƙirga ba an san yaran ba kaɗan ba ne. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sun haɗa da ciwon suga da ba a daidaita ba tun kafin ɗaukar ciki, da cutar rubela a farkon ciki, da wasu magungunan farfaɗiya, da ƙarin kuromozom na 21 (ɗaya daga cikin ƙunsoshin ƙwayoyin gado), wanda wajen rabin yaran da ke da shi suna da matsalar zuciya. A yara da yawa kuwa ƙananan bambance-bambancen gado ne daga uwa da uba suka taru, saƙo ya ɗan gaza awo a ranar da ake bukatarsa. Tsallake turmi ko cin ƙwai ba su cikin lissafin.

Amma akwai inda abin da uwa ta haɗiya yake da tasiri kai tsaye, kuma a nan nake ganin ya kamata tsoron Gwaggo ya koma. Makarɓan nan ba su watsewa idan gini ya ƙare, suna nan a zaurensu, kuma ba su bambanta sallamar jiki da ta ƙwayar magani. Herceptin, maganin sankarar mama da aka amince da shi a 1998, yana toshe HER2. Wannan makarɓin ne dai, tare da ɗan'uwansa ErbB4, ke gina saƙar tsokar cikin zuciyar tayi, ɓerayen da aka cire musu shi a 1995 sun mutu a tsakiyar ciki. Shi ya sa ake bibiyar zuciyar mai shan maganin da hoton eko.

Misalin da ya fi kusa da mu ba sai an je asibitin sankara ba, yana kan tiren mai tallar magani a tasha da bakin kasuwa. Ɗan tayi ba ya numfashi, daga mabiyiya yake samun oksijin, don haka akwai wata gajeriyar jijiya da ke karkatar da jini daga hanyar huhu zuwa babbar jijiya. Abin da ke riƙe ta a buɗe wani sinadari ne, furostagilandin E2, wanda mabiyiya ke samar da shi da yawa, yana yi wa makarɓi EP4, ɗan dangin nan na Lefkowitz da Kobilka, sallama ba dare ba rana, tsokar jijiyar tana zaune a sake. Da jariri ya faɗo ya yi kuka, an yanke cibiya, huhu ya buɗe ya fara share sinadarin, oksijin ya hau, sallama ta yanke. Cikin kwana ɗaya zuwa uku jijiyar ta tsuke.

Likitoci suna juya wannan yadda suke so. Bakwainin da tasa ta ƙi rufewa, ana ba shi ibufurofen ko indometasin, masu hana jiki yin furostagilandin, sai ta rufe. Jaririn da aka haifa da toshewar da sai ta wannan jijiya jini ke samun hanya, ana ɗura masa furostagilandin a jijiya don ta zauna a buɗe har a kai ga tiyata. To a ɗauki mace mai cikin wata bakwai, bayanta yana ciwo, ta aiki yaro ya sayo mata ibufurofen ko dikulofenak na dala kaɗan. Maganin yana ratsa mabiyiya. Abin da likita ke yi da gangan ga bakwaini a kwalba, ita ta yi wa ɗan da ke cikinta alhali huhunsa bai buɗe ba. Jijiyar tana iya tsukewa, ɓangaren dama na zuciyar tayi ya shiga wahala, ƙodarsa ma ta rage fitsari har ruwan mahaifa ya ja baya. Hukumar magunguna ta Faransa ta haramta wannan rukunin magani tun daga farkon wata na shida, ko da sha ɗaya ne. Haka magungunan tansiyo irin kaftofiril da losatan, masu toshe hanyar anjiyotensin, sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, suna lalata ƙodar tayi, shi ya sa ake sauya wa mai ciki wani. Mai tire bai san wannan ba, ba kuma zai tambayi yaron wa za ta sha ba. A ganina wannan jimla ɗaya, kada mai ciki ta sha maganin ciwon jiki sai wanda aka rubuta mata wurin awo, ta cancanci a riƙa maimaita ta a rediyo kamar yadda ake yi wa gidan sauro.

Ban faɗa wa Gwaggo sunan Notch ko VEGF ba. Na ce mata likita ya yi gaskiya da ya ce a jira, domin ƙananan huji irin wannan da yawansu suna rufewa da kansu a shekarun farko yayin da tsokar ke ƙara kauri. Abin lura shi ne idan yarinyar tana gajiya ko gumi wurin shan nono, ko numfashinta ya yi sauri, ko ba ta ƙara nauyi, a koma kafin ranar da aka ba su. Sannan muka zauna muka ƙirga baya daga ranar haihuwa, tana lanƙwasa yatsu wata bayan wata, har muka iso makonnin da ake haɗa bangon. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe lokacin ko girbin hatsi ba a gama ba. Tare muke sussuka da ita, ni da ita ba wanda ya san da shi."